Rakiyar Ranar Alhamis

A unguwarmu a Samaru, in mace ba ta ɗauki jaka ta fita da safe ba, to zaman gida take yi, kuma mai zaman gida ta kowa ce. Ita ake bar wa makulli, ita ake cewa ta kwashe shanya in hadari ya taso, ita ake shigo wa hira in an gaji da zama. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai tun da na fara koyar da Hausa ta intanet. Ɗauke wuta da yankewar sabis na sha wuyarsu, amma na samo musu dabara. Sa mutane su yarda cewa aiki nake yi, shi ne ya gagare ni.

Shekara tara na yi ina koyarwa a wata firamare mai zaman kanta, kafin mai ita ya rufe ta ya mai da ajujuwan ɗakunan haya na 'yan jami'a. Maigidana direban babbar mota ne, yakan yi kwanaki a hanya, kuma abin da yake kawowa ba ya kai mu ƙarshen wata. Ina cikin wannan zaman wata tsohuwar abokiyar karatuna ta nuna mini wani shafi, inda mutanen ƙasashen waje ke neman mai koya musu harshe fuska da fuska ta kwamfuta. Dariya na yi da farko. Wa zai zauna a ƙasarsa yana neman abin da ake ji kyauta a tashar Sabon Gari? Ashe akwai su, kuma ba wasa suke yi ba.

Na shiga aikin da halin malamar firamare, halin kuwa ya kusa kore ni. Ina ɗaga murya kamar ina gaban yara arba'in, alhali mutum ɗaya ne a gabana, kuma abin jin magana na maƙale a kunnensa. In darasi awa guda ne, ni ke cinye kusan duka da surutu. Wani dattijo ya rubuta a ƙarƙashin hotona, inda kowa zai gani, cewa malamar tana da kirki amma ba ta barin mutum ya buɗe baki. Kwana biyu ina tafasa, ina cewa shi ɗin me ya iya da zai buɗe bakin. A na uku na yarda gaskiya ya faɗa. Daga nan na koyi kama bakina in ɗalibi yana laluben kalma, ko da tana ƙaiƙayi a kan harshena.

Sauran abubuwan ma da wuya na koye su. Na je kasuwar Sabon Gari wurin wani Inyamuri mai kayan wuta, na sayi batir mai riƙe caji, bayan na sa ya gwada shi a gabana har ya fara ƙosawa da ni. Na sayi layin waya na biyu saboda in ɗaya ya mutu in koma ɗayan. Na bi ɗakina kusurwa kusurwa da waya a hannu har na gano cewa sabis ya fi ƙarfi a jikin tagar da ke kallon mangwaron maƙwabta, na ja tebur can. Na rataya farin zane a bayana don kada a ga kwanukana. Kowane ɗalibi na buɗe masa littafin rubutu nasa, da an gama darasi in rubuta inda ya yi tuntuɓe tun kafin in tashi daga kujera, domin in na ce sai an jima, to ya tafi. Na roƙi mai injin markaɗe na bayan gidanmu ya riƙa gaya mini lokacin da zai tayar, ya ce shi ma bai sani ba, sai masu markaɗe sun zo. Kuma na sa wa kaina doka: minti goma kafin lokaci ina zaune, komai a kunne, ruwa a gefe.

Dokar nan ta ƙarshe ita ce uwar sauran. Mutanen nan suna iya yafe maka carar zakara da kukan akuya, wasu ma daɗi yake musu. Makara ce ba sa yafewa.

Cikin ɗalibaina akwai wata likita Baturiya da ke shirin zuwa aiki a wani asibitin ƙauye a arewa. Burinta ta iya tambayar uwa abin da ke damun ɗanta ba tare da tafinta ba. Ita ce ta fi kowa dagewa, kuma ita ta jawo mini wasu abokan aikinta biyu. Sai dai lokacinta ɗaya ne tak a mako: Alhamis, ƙarfe biyar na yamma agogonmu, in ta tashi daga aiki. Ban taɓa buɗe kwamfuta na riga ta da nisa ba. Biyar na cika za ka ga fuskarta, da kofin shayinta da biro a hannu, har abin yakan ba ni haushi.

Alhamis kuwa ranar Gwaggo ce.

Gwaggo yayar mahaifina ce. Ita ta riƙe ni a unguwar Muchia da ke Sabon Gari tun ina aji uku, bayan rasuwar mahaifiyata, har ta aurar da ni. Sana'arta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Duk Alhamis takan hau bas daga Sabon Gari ta kawo wa matan ma'aikatan jami'a, masu sayen kayanta tun ina yarinya. In ta gama rabo sai ta biyo gidana wajen ƙarfe uku, da kwandonta da jarkokin da suka koma fanko. Ta sha ruwa, ta ci abinci, ta cire ɗankwali, ta miƙe ƙafa a tabarma, ta ba ni labarin wadda ta haihu a Jushi da wadda ta yi fushi a taron zumuntar matan coci saboda ba a ba ta jan waƙa ba. Ina son zuwanta, ba zan ɓoye ba. In maigida yana hanya, ita kaɗai ce ke shigowa gidan nan ta tambaye ni ko na ci abinci. Matsalata da Gwaggo tana farawa ne a lokacin da ta ce za ta tafi.

A gidanmu ba a sallamar baƙo a bakin ƙofa. Gwaggo ce ta koya mini haka, har da dundu. Ina yarinya na taɓa barin wata baƙuwarta a soro na dawo wasana, ta kora ni da gudu na cim mata a hanya na karɓi ƙullinta. Yadda ake yi shi ne, ka ɗauki kayan baƙo ku fita tare. A bakin ƙofa zai ce ka koma haka ya gode, kai kuma ka ce a'a, bari ka ɗan taka masa. A kwanar layi zai sake faɗa, ka sake ƙi. Sai kun kai titi, mota ta tsaya, ya zauna, ka miƙa masa kayansa, sannan ka juyo. Kowa ya san wannan “koma” ta farko ladabi ce kawai, ba wanda ke nufinta, ba kuma wanda ke karɓarta.

Daga gidana zuwa titi tafiyar minti bakwai ce. Da Gwaggo rabin awa ce, in an yi sa'a. Gwiwoyinta sun gaji, wannan ba laifinta ba ne. Amma sai ta tsaya ta gaida tela, ta tambayi mai kanti jikin mahaifiyarsa, ta yi wa wata faɗa don ta bar yaro ba riga. Kuma ainihin maganar da ta kawo ta, ba ta taɓa faɗinta a ɗaki. Awa biyu za ta yi tana labarin mutane, sai mun tsaya a bakin titi ta rage murya ta ce dama akwai abin da take so mu yi shawara. Ga shi ba ta hawa acaɓa, ba ta shiga bas in ya cika, ba ta shiga in direban yaro ne. Ina tsaye ina gyaɗa kai, rabin hankalina yana kan tebur a jikin taga.

Karon farko na makara da minti goma. Na shigo ina haki, na ce wa likita sabis ne. Karo na biyu na ɗora wa masu wuta, duk da na taɓa yi mata alfahari da batir ɗina. Karo na uku ban ma sami ƙaryar yi ba. Ta dube ni, ta ce da Hausarta mai tafiya a hankali, “Malama, lokacina kaɗan ne.” Jimlar daidai take, ba kuskure ko ɗaya, kuma ni na koya mata ita.

Washegari saƙo ya shigo daga masu shafin. Ko sallama babu a ciki. Sun ce an lura ina makara, in aka sake za a cire ni daga jerin malamai. Na karanta sau uku ina neman sunan wanda ya rubuto, babu. A makaranta in ka yi laifi akwai hedimasta da za ka je ofishinsa ka ba shi haƙuri, ka gaya masa gwaggonka ce ta zo, shi ma yana da tasa gwaggon, zai gane. Nan babu wanda za ka durƙusa wa. Na zauna ina kallon rubutun, ina tuna watannin da na yi a ɗakin nan ba aiki.

Ba zama na yi na naɗe hannu ba. Na roƙi likita ta matsa ko da rabin awa, ta ce da ta tashi daga darasi take zuwa ɗauko 'yarta. Na fara zuba wa Gwaggo abinci da ta shigo, ko za ta gama da wuri, sai ta sami ƙarin lokacin hira. Na tura agogon bango gaba da minti ashirin, abin kunya, ashe Gwaggo ba ta kallon agogo, da inuwar katanga take aiki. Daga ƙarshe na fito mata a fili, na ce ƙarfe biyar ina da aji. Ta waiwaya ta dubi ɗakin ta tambaye ni ina 'yan ajin. Na nuna mata kwamfuta, na yi mata bayani dalla-dalla. Ta ce Ubangiji ya sa albarka, in gaida Baturiyar, in gaya mata babba ce ta zo shi ya sa. Da zuciya ɗaya ta faɗa. A wurinta likitar nan kamar maƙwabciya ce da ta leƙo hira, in ta tarar kina da baƙuwa sai ta ɗan jira.

Maigidana ya ce in gaya mata kawai ta sauya rana. Shi da ba gwaggonsa ba, magana ta yi masa sauƙi. Matar da ta goya ni zuwa asibiti da ƙyanda, ita zan kafa wa ranar zuwa gidana kamar mai karɓar shara? Kuma Alhamis ce ranar masu sayen kayanta, kuɗin mota ɗaya take yi.

Alhamis ɗin da ta biyo baya aka yi ruwa. Tun da Gwaggo ta shigo ake tafkawa, bai ɗauke ba sai can wajen biyar saura. Ina zaune kusa da ita ina amsa hira, kunnena na kan kwanon rufi. Na riga na kunna kwamfuta, na buɗe littafin likita a shafin ranar, na cika kofina. Biyar saura minti goma Gwaggo ta ɗaura ɗankwali ta ce bari ta lallaɓa.

Na ɗauki kwandon muka fito. Layin ya cika da taɓo, ruwa yana gudu a tsakiya, sai an bi gefen katanga ana taka duwatsu. A bakin ƙofa ta juyo kamar kullum.

“Ki koma haka, 'yar nan, na gode.”

“To Gwaggo,” na ce. “Allah ya kai lafiya. A gaida mutanen gida.”

Na miƙa mata kwandon. Hannunta bai taso da wuri ba. Ba ta dubi fuskata ba, ƙafafuna ta duba. Silifas ɗin banɗaki ne a ƙafata, ban sa takalmin fita ba, ban yafa gyale ba. Ta gane ba a bakin ƙofar na yanke shawara ba, tun daga ɗaki na fito da ita. Ta karɓi kwandon ta ɗora a ka, ta ce za su ji, ta dafa katanga ta fara neman dutsen farko. Ban tsaya na ga ta kai kwana ba. Na rufe ƙofa na shige.

Biyar saura minti biyu ina zaune. Da ma a ce darasin ya lalace, da na sami abin kamawa, amma ban taɓa yin mai kyau irinsa ba. Muka yi kwaikwayo, na zama uwar yaro mai zazzaɓi, likita tana yi mini tambayoyi, ta tambayi yaushe ya fara, yana cin abinci, yana amai. Na kama bakina inda ya kamata, na gyara inda ya kamata. Da muka gama ta tafa hannu ta ce yau ta ji kamar tana asibitin. Na yi murmushi, na rubuta kurakuranta biyu a littafi, na tashi na leƙa waje. Ba kowa a layin sai agwagi.

Alhamis ta zagayo Gwaggo ba ta zo ba. Gaskiyar magana, ajiyar zuciya na yi. Na ce ƙila gwiwa ce, na shirya darasina a natse, na zauna tun saura kwata. Ta biyu ma ba ta zo ba. Na kira ta a waya, ta amsa gaisuwa cikakkiya, ta tambayi maigida, ta tambayi aiki, ba abin da ta rage, sai dai ko minti biyu ba mu yi ba. A mako na uku tela ya tare ni ya ce kwana biyu Mama ba ta shigowa layin nan, jiya ma ya hango ta a bakin titi da kwandonta tana jiran bas. Ashe tana zuwa Samaru, tana rabon man gyaɗarta, tana wuce bakin layinmu.

Abin da na fara ji fushi ne, kuma da ita na yi shi. Kwana biyu ina wanke-wanke ina yi mata shari'a a zuciyata. Da a banki nake aiki, za ta sa ran in bar kujera in raka ta titi? Lokacin da nake firamare ta taɓa zuwa ta ce in bar aji? Sau nawa na raka ta, shekara nawa, sai rana ɗaya ce za ta tsaya mata a wuya? Daga ita na koma kan masu shafin da ba su da fuska, na koma kan likita da kofin shayinta. Duk hujjojina masu ƙarfi ne, har yau ban ga wadda ta faɗi ba. Amma in na kai ƙarshensu sai in ga tsohuwa da kwando a ka tana dafa katanga cikin taɓo, sai in sake daga farko.

A ɓangaren aiki kuwa komai ya miƙe. Ban sake makara ba. Saƙon gargaɗi bai sake zuwa ba, ɗalibai suka ƙaru, har sababbin shiga suka fara tambayata sirrin abin. Nakan gaya musu zancen layi biyu da littafin kurakurai da zama kafin lokaci, su yi godiya.

Ranar wata Lahadi bayan sujada a coci na hau bas, muka bi ta Kwangila, na sauka a Muchia da ledar sabulu da sukari. Na tarar da Gwaggo a tsakar gida tana tsince gyaɗa. Ta yi mini maraba, ta kawo ruwa da kanta, ta ɗumama tuwo, ta ce na rame. Da na ga hira za ta tafi a haka kamar ba komai, sai na sauko daga kujera na durƙusa a gabanta na ce ta yi haƙuri da abin da na yi ranar nan. Na shirya wa faɗa. Da ta zage ni, da ta tuna mini goyo da ƙyanda, da na san an gama.

“Tashi, me kika yi?” ta ce. “Ni ce ban gane ba. Na ɗauka hira kike da Turawa, ashe aiki ne na gaske. Ba ni zan zama sanadin a kore ki ba.”

Babu gatse a muryarta, na saurara da kyau ina nema. Na ce mata likitar ta kusa gamawa, nan da wata biyu Alhamis ɗina za ta zama tawa, ta dawo kamar da. Ta ce to, Allah ya kai mu, ta tura mini tire ta ce in taya ta tsinta. Muka tsince gyaɗar har ƙarshe, ta ba ni labarin bikin da za a yi a Jushi, ta ƙulla mini ƙuli-ƙuli a leda.

Duk ranar da zan yi sallama da gidan nan, ban taɓa fita ni kaɗai ba. Ranar da zan tafi kwalejin horon malamai ita ta ɗauki akwatina har tasha. Bayan aurena, ko minti goma na leƙo, sai ta kai ni titi, ko tana zazzaɓi, tana tafe tana tsayawa, tana ajiye babbar magana sai mota ta kusa. Da na miƙe ta miƙe, ta ɗauki ledata, muka ratsa soro. A bakin ƙofa bakina ya faɗi abin da ya saba.

“Gwaggo ki koma haka, ga ƙafarki.”

“To,” ta ce, ta miƙo mini ledar. “Ki gaida gida. Yi sauri kar ki makara.”

Lahadi ce, ba ni da darasi. Na karɓi ledar na fara tafiya a hankali, ina kasa kunne ko zan ji jan silifas ɗinta a bayana. A kwanar layi na waiwaya, ta riga ta shige. Na wuce mai kanti, na wuce famfo, na wuce shagon mai gyaran takalmi, duk wuraren da muke tsayawa. Kafin in ankara ga ni a bakin titi, bas yana tsaye yana kiran Samaru. Na duba waya, minti biyar na yi. Shekara talatin ina bin hanyar nan, ban taɓa sanin titin yana kusa haka ba.